Na Sare Itacen Alƙali

'Yar nan mai filin shawara, sallama gare ki. Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da ya yi miki tsawo. Ni tsohuwa ce, ban iya gajerce magana ba, kuma a gidanmu yanzu babu mai marmarin jin muryata. Na yi wata ɓarna da hannuna, da zuciya ɗaya, yau wata biyu da kwana tara, na rasa ta inda zan kamo gyaranta.

Shekarata saba'in da ɗaya in an bi takarda, in an bi gwiwoyina kuwa na haura casa'in. Tun da maigidana ya rasu nake zaune wurin ɗana, shi da matarsa da 'ya'yansu biyu. Ɗan nawa gyaran firji yake yi, ni nake ce masa Injiniya don in ba shi haushi. Matarsa malamar makaranta ce a da, ta ajiye aikin saboda yaron da zan ba ki labarinsa. Ƙaramar 'yarsu shekararta biyar, Rediyo nake ce mata, don tun da ta fara magana ba a gano inda ake kashe ta ba. Babban shekararsa tara. Shi ne Alƙali.

Na sa masa Alƙali ne saboda kallon da yake yi wa mutum, a kaikaice, fuska a ɗaure, kamar ya riga ya karanta takardar laifinka yana jiran ranar yanke hukunci. Yana shekara uku likita ya ce lalurar otizim ce, wasu kuma suna ce mata galahanga. Ni a lokacin cewa na yi miskilanci ne irin na kakansa, mutumin da na yi shekara arba'in ina dafa wa abinci ban taɓa jin ya ce gishiri ya ji ba. Ashe abin ya wuce nan. Ba ya son a taɓa shi. In aka kunna injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa ya durƙushe. Kofinsa ɗaya ne, shuɗi, in aka ba shi ruwa a wani ya gwammace ya wuni da ƙishirwa. Kalmomin bakinsa duka-duka ba su kai ashirin ba, na taɓa zama na ƙirga. Ɗaya daga cikinsu tawa ce. Ba ya ce mini Kaka. Ulu yake ce mini.

Ga yadda aka yi. Ni masaƙiya ce, da kwarashi da zaren ulu, tun ina budurwa. Rabin jariran tsohuwar unguwarmu a cikin hulunana da safunana suka fara ganin duniya. To a bayan ɗakunan gidan nan akwai wani fili da mai gidan na da ya taɓa yin lambu, mu kuwa juji muka same shi: tsohon baro marar taya, guntayen kwanon rufi, fasassun kwalabe, ciyawa har gwiwa, da wani itacen lemo da ya bushe tun kafin mu zo, yana tsaye a tsakiya kamar tsohon da aka manta a tasha. Can nake kai kujerata ta roba bayan la'asar in yi saƙata, don can ne kaɗai Rediyo ba ta kamawa.

Wata rana, shekara uku ke nan, ina saƙa rigar sanyi, na tashi shan ruwa. Na dawo na tarar Alƙali ya kama bakin zaren yana ja. Aikin kwana huɗu yana tsiyayewa a hannunsa layi bayan layi. Na buɗe baki zan zazzage masa masifa, sai na ga fuskarsa. 'Yar nan, dariya yake yi. Ban taɓa ganin haƙoran yaron nan a dariya ba sai ran nan. Da ya gama warwarewa ya kwashi zaren ya nufi busasshen itacen, ya nannaɗe shi a jikin reshe, a hankali, kamar mai ɗaure wa wani ciwo.

Daga nan muka buɗe kamfani, ni da shi. Kullum in saƙa masa ɗan ƙyalle kamar faɗin tafin hannu biyu, sako-sako, ba na ƙulle bakinsa. In na ajiye kwarashi sai ya zo ya tsaya a gefena ya ce Ulu, in miƙa masa, ya warware, ya kai wa itacensa. Ni kuma in yi ta tsokanarsa. In ce masa mijin banza, wanda bai taɓa kawo mini ko tsinke ba sai ɓarna. In ce zan kai ƙararsa, amma gaban wa ake kai ƙarar Alƙali? Ba ya tanka mini. Sai dai wani lokaci, in yana jiran in gama, yakan jingina kafaɗarsa da hannun kujerata har in ji ɗumin jikinsa a gwiwar hannuna. Uwar da ta haife shi ma ba kullum take samun wannan ba. Nakan hango ta a tagar kicin tana kallonmu, ban san ko daɗi take ji ko ciwo ba, ina jin dai duka biyun ne.

Shekara uku itacen nan yana shan ado. Ja, rawaya, kore, shuɗi, ruwa ya dake su, rana ta cinye launin wasu. A idona dai tsummokara ce kawai. Maƙwabciyarmu ta taɓa leƙowa ta katanga ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko wani magani muke haɗawa. Na ce mata ƙwarai, na masu leƙen katanga ne, kuma ya kusa nuna.

Sai Rediyo ta taka fasasshiyar kwalba a filin, aka yi mata ɗinki biyar a tafin ƙafa. Daga ranar na fara yi wa Injiniya famfo. Na ce wane irin gida ne yara biyu ba su da wurin wasa sai juji? Na ce yaron da yake son filin nan haka yana juji, ina ga an gyara masa shi? Surukata ta yarda a kwashe kwalabe da kwanuka, amma ta ce kada a taɓa itacen, kada a matsar da baron, kuma duk abin da za a yi a yi shi kaɗan-kaɗan, yaron yana gani. Sau uku ta faɗa. Ni kuwa a raina cewa nake boko ne ya yi wa yarinyar nan yawa, 'ya'ya shida na raina, yau za a koya mini yaro? A fili kuma na ce mata to, ranki ya daɗe shugabar makaranta, an ji. Har ta yi murmushi, baiwar Allah, ta ɗauka na ji ɗin.

Aka ba su ranar ganin likita a wani gari, za su kwana uku wurin yayar surukata, ita da yaran. Fitarsu ke da wuya na sa Injiniya ya kira mai gyaran lambu. Gaskiya zan faɗa, shi ya so ya bi maganar matarsa. Ni na tsaya masa a wuya, har da share hawaye da gefen mayafi, har da cewa ashe yanzu maganar uwa ba ta da nauyi a gidan ɗanta. Kin san makamin nan namu na tsofaffi, ba ya kuskure. Mai gyaran lambun da ya iso kan itacen sai ya tsaya da zarto a hannu, ya dube ni, ya ce wannan fa kamar aikin wani ne, in tabbata a sare? Kin ji, bare ma ya gani. Na ce masa ya sare, busasshe ne, gara za ta ci gindinsa wata rana ya faɗo wa yaro. Ya sare, ya tafi da icen.

Cikin kwana uku wuri ya zama abin kallo. Ciyawa a shimfiɗe kamar darduma, furanni a jere gefen katanga, 'yar hanya ta duwatsu, ga lilo mai kujera biyu a daidai inda itacen yake. Ranar dawowarsu har kwalli na sa, ina jiran a zo a yi mini godiya.

Rediyo ta ruga da ɗingishinta ta haye lilo tana ihu. Alƙali ya zo bakin ƙofar baya ya tsaya. Ya dubi inda itacen yake. Ya ja da baya, ya rufe ƙofar, ya sake buɗewa, ya duba. Sau bakwai ya yi haka, ina ƙirgawa. Sannan ya fasa wani kuka da ban taɓa jin irinsa daga bakin ɗan Adam ba, yana buga goshinsa da bango. Ubansa ya riƙe shi ta baya, yaron ya gantsara masa cizo a hannu, tabon yana nan har yau. Surukata ta wuce ni ta nufi ɗanta, ko kallona ba ta yi ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Kina tsammanin na yi hankali daga nan? Saurara ki ji. Kafin a tafi da rassan na zauna na warware zaren da ke jikinsu na cika jaka, don ni idona ba ya iya ganin ulu ya tafi juji. Da na ga halin da yaron ya shiga sai dabara ta faɗo mini, irin wadda ke faɗo wa mai laifi. Na wanke zaren, na zubar da wanda ya ruɓe, na ƙuƙƙulla sauran, na yi sati uku ina saƙa masa bargo da shi, da yatsun nan nawa masu ciwon sanyi. Na ce ga itacensa na dawo masa da shi, har ma ya rufa. Tun da nake ban taɓa saƙa mai kyaunsa ba. Na bi gefensa na yi masa baki, na ƙulle ƙarshen zaren tam, na soke shi can ciki yadda ido ba zai gan shi ba, kamar yadda kowace masaƙiyar kirki take yi.

Na shimfiɗa masa a gado. Ya gane zarensa, wallahi ya gane. Ya sa hannu yana laluben gefen bargon, ya zagaye kusurwa huɗu yana neman bakin da zai ja. Ya sake zagayewa. Babu. Sai ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi, ya fice, kuma bai yarda ya sake hawa gadon ba sai da uwarsa ta ɗauke bargon. Yana nan ƙarƙashin gadona a cikin leda.

Yau wata biyu da kwana tara bai taka lambun ba. In zai wuce ƙofar baya sai ya juya fuskarsa ga bango. Bai sake cewa Ulu ba. Sauran kalmomin ma sun ragu, malamar da ke koya masa magana ta ce aikin shekara guda ya zube. In na shigo falo sai ya tashi ya fita, ba fushi ba kuka, kamar yadda mutum ke kauce wa hayaƙi. Na gwada tsokana, na ce Alƙali ya yanke mini hukunci bai ji ta bakina ba. Rediyo ce kaɗai ta yi dariya, ita ma da ta dubi fuskar uwarta ta haɗiye. Injiniya ya rame, magana tsakaninsa da matarsa sai ta dole. Ita kuwa tana gaishe ni, tana kawo mini abinci da maganin gwiwa a kan lokaci, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma ta daina zama inda na zauna. Shekaranjiya 'yata ta wani gari ta bugo waya, wai in zo in huta wurinta ko da wata biyu ne. Ni na haife ta, na san ba ta tuna hutuna haka kawai. An yi magana ne.

Lambun kuwa sai kyau yake ƙarawa, don ya ƙona mini rai. Furanni duk sun buɗe. Ni nake ba su ruwa, ina zaginsu.

To 'yar nan, yaya zan yi? In tattara in tafi wurin 'yata, ko yaron zai sami sauƙi in ba ya ganina? Ko in sa a tumɓuke lilon a nemo wani busasshen itace a kafa? Injiniya ya rantse ba zai sake taɓa ko ganye ba sai matarsa ta ce. Ni mutuwa ba ta ba ni tsoro, na daɗe da shirya mata. Tsorona in tafi yaron nan bai sake kirana ba. Na san ba ki da maganin da zai tayar da itacen da ya riga ya zama toka a murhun wani. Ki dai faɗa mini ko da sauran wani abu, ko in haƙura.

Taki,
Tsohuwar da a da ake ce wa Ulu

AMSA

Kaka, na karanta wasiƙarki sau biyu. Kin ba ni dariya a wurare da dama, kuma na lura inda kika fi ba da dariyar nan ne ya fi yi miki ciwo. Zan gaya miki gaskiya yadda kika gaya mini.

Filin nan yana bukatar gyara. Ɗinki biyar a ƙafar yarinya ba ƙaramin abu ba ne, kuma ita ma 'yar gidan ce, tana da haƙƙin wurin wasa. A nan kina da gaskiya. Inda kika kauce shi ne an gaya miki sau uku, kika ce kin ji, sannan kika jira mai maganar ta ba da baya. Surukarki shekara tara ta yi tana karatun yaro ɗaya, ta bar aikinta a kansa, kuma cikin shidan da kika raina babu irinsa. Da yawa daga yara masu wannan lalura abubuwan da ba sa canzawa ne suke riƙe musu duniya. Itacen da kike gani tsummokara, a wurinsa yammacin shekara uku ne da ya yi tare da ke, a jere, inda zai iya ganinsu kullum. Bargon kuma kin saƙa shi ne yadda ke kike son saƙa, gamamme, a ƙulle. Shi kuwa rabonsa a kamfanin naku warwarewa ce, kika rufe masa ita.

Ba zan ce miki zai dawo ba. Ban sani ba, likitansa ma ba zai iya yi miki rantsuwa ba. Wasu yaran sukan koma ga abin da suka bari bayan watanni, wasu kuma shi ke nan, sai dai su buɗe wani sabon abu, wataƙila da wani mutum daban. Ki shirya wa duka biyun, don na biyun yana iya zama rabonki.

Ki fara da surukarki. Ki same ta ita kaɗai ki ce kin yi laifi. Ba wasa a ciki, ba ranki ya daɗe, kuma kada ki kawo zancen kyakkyawar niyya, ta riga ta sani, shi ya sa har yanzu take kawo miki magani a kan lokaci. Ki gaya mata ke kika matsa wa ɗanki da hawaye, ko ta sauke masa rabin kayan da yake ɗauke da su. In ta yi shiru ki bar ta da shirunta. Sannan ki tambaye ta zancen tafiyar nan da bakinki, maimakon ki zauna kina karanta wayar 'yarki. A ganina ki ɓace kwatsam wani saran itacen ne, don yaron da ke tashi in kin shigo ya san kina nan, kuma kina cikin tsarin gidansa. Amma ita ce ke ɗauke da nauyin, in ta ce tana bukatar ta numfasa, ki tafi na sati biyu ba tare da ɓacin rai ba, a sanar da shi tun kafin ranar, a kuma sanar da shi ranar dawowarki ta hanyar da malamarsa ta saba yi masa.

Kada a tumɓuke lilon. Zai zama canji na biyu a kan na farko, kuma Rediyo za a zalunta. Kada kuma a kafa wani itace don ya wayi gari ya gani. An gama ba-zata a gidan nan. Buga goshin da raguwar kalmomin a kai su gaban likitansa in ba a riga an kai ba. In uwarsa da malamarsa sun ga ya dace, ana iya kafa busasshen reshe ɗaya a bokitin yashi, a ajiye a cikin gida yana kallo, kowa ya kama bakinsa.

Ke kuma ki koma bakin aikinki. Bayan la'asar, kujerar nan ta roba, amma ba a lambu ba, a wurin da zai iya hango ki ba sai ya bi ta ƙofar baya ba. Ki saƙa ɗan ƙyallen, sako-sako, ki ajiye shi a hannun kujera ki tashi ki ba da wuri. Kada ki kira shi, kada ki bi shi da ido, tsokanar ma ki ba ta hutu, na san wannan zai fi komai yi miki wuya. In bai taɓa ba, gobe ki sake. Yana iya ɗaukar wata shida, yana iya wuce haka, yana iya ƙin zuwa sam. Ko bai zo ba, akwai mai kallonki ta tagar kicin, kuma ita ma akwai abin da kike bukatar ki gyara tsakaninki da ita.

Saura bargon. Ki fito da shi daga leda. Ki sa tabarau, ki nemo inda kika soke ƙarshen zaren, ki zaro shi, ki kwance ƙullin, ki warware layi ɗaya da hannunki, ki bar zaren yana reto kamar tsawon kamu guda. Na san aikin sati uku ne na yatsu masu ciwo, kuma kin ce ba ki taɓa saƙa mai kyaunsa ba. Ki nuna wa surukarki tukuna. In ta amince, ki rataye shi a bayan kujerarki, bakin zaren a waje inda hannu zai same shi. Daga nan ya tashi daga naki.

Allah ya ba yaron nan sauƙi, ya sanyaya zuciyar uwarsa, ya ƙara wa yatsunki ƙarfi. In kuma wata rana Alƙali ya ga damar sake duba shari'arki, Allah ya sa ya tarar da ke a kujerarki.